Sannu Ba Ta Hana Zuwa: Tafiyar Maƙalar Bincike Daga Hannun Marubuci Zuwa Shafin Mujalla

Duk wanda ya taɓa buɗe mujallar kimiyya ya dubi shafin farko na wata maƙala, zai ga waɗansu kwanakin wata da aka rubuta da ƙananan haruffa a ƙarƙashin sunan marubuci ko kuwa a gindin shafi. Na farko shi ne ranar da maƙalar ta isa hannun mujalla, na biyu ranar da marubuci ya maido ta bayan ya yi gyara, na uku kuma ranar da aka amince a buga ta. Yawancin masu karatu sukan tsallake waɗannan kwanaki, alhali kuwa suna ɗauke da labari babba. Tsakanin ranar farko da ta ƙarshe akan sami wata uku, ko shida, wani lokaci ma fiye da shekara guda. A cikin wannan tazara ne waɗansu masana, waɗanda marubuci bai san ko su wane ne ba, suke zama su auna abin da ya rubuta, su ga ko ya cancanci a kira shi ilimi.

Matasan masu bincike da yawa suna kallon wannan jira tamkar azaba ce da editoci suka ƙirƙiro. Wannan fahimta kuskure ce, kuma tana jefa mutane cikin hasarar kuɗi da ta mutunci. Mafi yawan lokacin da maƙala ke ɗauka a hannun mujalla ta gari lokaci ne da ake aiki a kanta. Sai dai akwai jiran da sakaci ke haifarwa, kuma wajibi ne mai bincike ya iya rarrabe wannan da wancan.

Matakan da maƙala ke bi

Alal misali, a ɗauki malamin ilimin halittu a wata makarantar sakandare da ke Isa, wanda ke karatun digiri na biyu a Sakkwato. Ya lura cewa yaran ƙauyukan da ke kewaye da Bafarawa, waɗanda ke wanka da kamun kifi a tafkuna da fadamun gulbin Rima da rassansa, da yawansu suna fitsarin jini. Ya san cewa wannan ita ce babbar alamar tsargiya, cutar da wata tsutsa ke haddasawa, wadda ke renon 'ya'yanta a jikin dodon koɗin ruwa kafin su huda fatar mutum su shige. Ya tattara fitsarin yara, ya ƙirga ƙwayayen tsutsar a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji, ya rubuta sakamakonsa, ya aika wa wata mujalla.

A shekarun 1990 da sai ya buga kwafi uku a keken rubutu, ya kai gidan waya, ya zauna jiran wasiƙa. A yau mujallu da yawa suna karɓar maƙala ta intanet ne, ta hanyar manhajoji irin su Editorial Manager da ScholarOne da Open Journal Systems. Kowane marubuci yana da shafinsa, inda ake rubuta masa da Ingilishi, cikin kalma biyu ko uku, matsayin da maƙalarsa ta kai. Kalmomin sukan bambanta daga mujalla zuwa mujalla, amma matakan kusan iri ɗaya ne.

Matakin farko yana nuna cewa maƙala ta iso ofishin mujalla. A nan ma'aikaci ne ke dubawa ko an bi tsarin rubutun mujallar, ko hotuna da jadawalai sun cika, ko kuma akwai satar rubutun wani, abin da na'ura ke iya ganowa cikin 'yan mintoci. Idan bincike ya shafi mutane, kamar na wannan malami, za a nemi shaidar izinin kwamitin ɗa'ar bincike da amincewar iyayen yara. Wannan mataki yakan ɗauki 'yan kwanaki.

Mataki na biyu yana nuna cewa maƙala tana hannun edita. Edita masani ne a fannin, kuma galibi malamin jami'a ne mai nasa ɗaliban da nasa binciken. Shi ne zai karanta ya ga ko batun ya dace da mujallar, kuma ko aikin ya kai a dame waɗansu masana da shi. Idan bai kai ba, sai ya mayar wa marubuci nan take ba tare da an kai ga tantancewa ba. Irin wannan ƙi yana da zafi, amma alheri ne, domin ya ba marubuci damar neman wata mujalla ba tare da ɓata watanni ba. Manyan mujallu irin su Nature da Science suna ƙin fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ake aiko musu, kuma mafi yawa a wannan mataki ne.

Mataki na uku shi ne neman masu tantancewa, kuma a nan ne tafiya ta fi yin nawa. Ana bukatar aƙalla masana biyu da suka san batun, waɗanda ba abokan aikin marubuci ba ne. A mafi yawan mujallu ba a biyan mai tantancewa ko kwabo. Saboda haka edita yakan rubuta wa mutane da dama kafin biyu su amsa, kuma kowane ɗaya sai an ba shi kwanaki ya ce e ko a'a. Batu kamar tsargiya a iyakar Gobir ba kowa ne zai ga ya isa ya yi hukunci a kansa ba.

Mataki na huɗu yana nuna cewa ana kan tantancewa. Mujallu sukan ba masu wannan aiki mako biyu zuwa huɗu, amma da yawa sukan zarce. Idan marubuci ya ga kwanan watan da ke shafinsa ya canja alhali matsayin bai canja ba, yawanci alama ce cewa ɗaya daga cikin masu tantancewa ya miƙa rahotonsa, ko kuma an gayyato wani sabo. Idan kuwa shafin ya nuna an kammala tantancewa, sannan ya sake komawa baya, to sau da yawa masanan biyu ne suka saɓa wa juna, edita ya nemi na uku ya raba gardama. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke nuna an ƙi maƙala.

Mataki na ƙarshe shi ne yanke hukunci, wanda kan zo ta ɗayan fuska huɗu: amincewa kai tsaye, wadda ba kasafai ake samu ba, ƙaramin gyara, babban gyara, ko ƙi. Wanda aka ce ya yi babban gyara bai faɗi ba, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Zai amsa tambayoyin masu tantancewa ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi da hujja, maƙalar ta sake komawa hannunsu. Bayan amincewa kuma sai a tsara shafuka, a aiko masa ya duba kurakuran ɗab'i, sannan a buga.

A shekarar 2016 mujallar Nature ta kawo rahoton wani nazari da Daniel Himmelstein ya yi a kan maƙalun da ke rumbun PubMed, inda ake tara binciken likitanci da ilimin halittu. Nazarin ya nuna cewa tsaka-tsakin lokacin da ke tsakanin aika maƙala da amincewa da ita ya tsaya ne a wajen kwana 100 har tsawon fiye da shekara 30. Wannan lissafi bai haɗa da lokacin da aka ɓata a mujallun da suka ƙi maƙalar tun da farko ba. Ke nan wanda ya yi mako shida yana jira bai kamata hankalinsa ya tashi ba.

Abin da jiran ke saya

Me mai tantancewa zai tambayi malamin nan na Isa? Zai so ya san da wane lokaci aka karɓi fitsarin, domin ƙwayayen tsutsar tsargiya sun fi fitowa tsakanin ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 2 na rana, kuma wanda ya karɓa da asuba zai ga cutar ta yi ƙasa da yadda take. Zai tambayi yadda aka zaɓi yaran, domin idan 'yan makarantar boko kaɗai aka gwada, an bar almajirai da 'ya'yan masunta da makiyaya, waɗanda suka fi kowa shiga ruwa. Zai tambayi ko jinin da aka gani a fitsarin 'yan mata manya an tabbatar ba na al'ada ba ne. Zai kuma tambayi ko an raba wa yaran maganin tsargiya a watannin da suka gabaci binciken. Kowace tambaya a cikin waɗannan tana iya sauya sakamakon baki ɗaya, kuma da irin wannan sakamako ne hukumar lafiya za ta yanke shawarar ƙauyen da za a fara kai wa magani.

Ba ƙananan masu bincike kaɗai ke bukatar idon wani ba. A shekarar 1936 Albert Einstein da abokin aikinsa Nathan Rosen sun aika wa mujallar Physical Review ta Amurka maƙala, suna cewa igiyoyin ƙarfin maganaɗisun nauyi da ke ratsa sararin samaniya babu su a zahiri. Editan ya ba wani masani ya duba, masanin ya gano kuskure a lissafin. Einstein ya fusata ya janye maƙalar. Daga baya ya gane cewa akwai kuskuren, ya gyara, aka buga ta a wata mujalla a 1937 da sakamako saɓanin na farko. A shekarar 2015 na'urori suka kama waɗannan igiyoyi. In har Einstein ya amfana da gyaran wanda bai san sunansa ba, to babu ɗalibin da ya fi ƙarfin gyara.

Wannan ba ya nufin masu tantancewa da editoci ba sa kuskure. A 1937 Nature ta mayar wa Hans Krebs gajeriyar maƙalarsa a kan yadda ƙwayar halitta ke sarrafa abinci ya zama ƙarfi, bisa dalilin cewa wasiƙu sun yi mata yawa. Ya kai aikin mujallar Enzymologia ta ƙasar Holan, kuma a 1953 ya sami kyautar Nobel a kansa. Haka zalika Lynn Margulis ta ce mujallu wajen 15 ne suka ƙi maƙalarta kafin a buga ta a 1967, wadda a cikinta ta kawo hujjar cewa sassan da ke samar da ƙarfi a cikin ƙwayar halitta asalinsu bakteriya ne. A yau ana koyar da ayyukan mutanen nan biyu a azuzuwan ilimin halittu na duniya. Dukansu sun ɗauki aikinsu sun kai gaba, sun sake miƙa shi ga hukuncin masana.

Idan rai na cikin haɗari

Akwai mai cewa duk wannan haƙuri ya dace da binciken taurari, amma cuta ba ta jiran edita. Wannan magana tana da nauyi, kuma tarihin sanƙarau a wannan yanki ya isa misali. Annobar 1996, wadda nau'in A na ƙwayar cutar ya haddasa, ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Daga 2010 aka fara allurar rigakafin MenAfriVac a Nijar da Mali da Burkina Faso, Nijeriya ta bi sahu a 2011, nau'in A ya ja baya ƙwarai. Sai ga shi a 2013 sanƙarau ya ɓarke a Jihar Sakkwato, a 2014 kuma a Jihar Kebbi. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da jami'an lafiya na jiha suka ɗauki samfur, aka gwada a wani ɗakin bincike da ke Oslo ta ƙasar Norway, aka gano cewa sabon iri ne na nau'in C, wanda waccan allura ba ta karewa daga gare shi.

Masu binciken sun kai rahotonsu ga PLOS Currents Outbreaks, mujallar da aka kafa musamman domin tantance rahoton annoba cikin hanzari, kuma ya fito a watan Disamba na 2014. A 2015 wannan iri ya afka wa Nijar, inda aka ƙirga kimanin mutum 8,500 da ake zaton sun kamu. Tsakanin ƙarshen 2016 da tsakiyar 2017 ya sake ɓarkewa a Nijeriya, ya fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina, aka sami fiye da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Gargaɗin masana ya riga annobar fitowa, abin da ya yi ƙaranci shi ne allurar nau'in C. Sai a 2024 Nijeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke karewa daga nau'i biyar.

Darasi biyu ke cikin wannan labari. Na ɗaya, wanda ya ga alamar annoba a Sabon Birni ko Isa, jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma zai fara sanarwa a ranar, maƙala ta biyo baya. Na biyu, kimiyya ta tanadi hanyoyin sauri na halal. Mujallun likitanci da dama suna da layin gaggawa, sannan akwai rumbunan intanet da ake ajiye maƙala kowa ya karanta tun kafin a tantance ta, irin su bioRxiv da aka buɗe a 2013, da AfricArXiv a 2018, da medRxiv a 2019. Sharaɗin kawai shi ne mai karatu ya san cewa abin da ke cikinsu bai riga ya bi ta hannun masu tantancewa ba.

Gajeriyar hanya mai kai wa rami

Malamin jami'a ba ya samun ƙarin girma sai da maƙalu, ɗalibin babban digiri ma sau da yawa ana neman ya buga kafin ya kammala. Wannan matsi ya haifar da kasuwar mujallun bogi, masu aiko da saƙo suna alkawarin buga maƙala cikin kwana uku ko mako guda muddin an biya kuɗi. Wanda ya fahimci matakan da aka zayyana a sama ya san cewa ko samun masu tantancewa biyu ba ya cika yiwuwa a kwana uku.

A shekarar 2013 wani ɗan jarida masanin ilimin halittu, John Bohannon, ya ƙirƙiri maƙalar ƙarya a kan wani sinadari da aka ce yana kashe ƙwayoyin ciwon daji, ya cusa mata kurakuran da duk ƙwararre zai gani da kallo ɗaya. Ya aika wa mujallu 304 da sunayen marubuta da cibiyoyin Afirka na ƙage. Mujallu 157 suka amince su buga, 98 suka ƙi. Ya bayyana sakamakon a mujallar Science. Maƙalar da ta fito a irin waɗannan mujallu ba ta ƙara wa marubucinta daraja a idon masana, kuma tun da an riga an buga ta, mujallar kirki ba za ta sake karɓarta ba. Aikin shekara biyu a fadama yakan tafi a banza ke nan. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa.

Wani kuskuren da gajen haƙuri ke jawowa shi ne aika maƙala ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda. Ƙa'idojin ɗa'ar wallafa sun hana wannan, kuma idan asiri ya tonu akan janye maƙalar ko da an buga ta. Wanda ya gaji da jira, sai ya rubuta wa edita takardar janyewa, ya sami amsa, sannan ya nufi wata mujalla.

Haƙƙin da ke kan mujallu

Haƙurin marubuci ba lasisi ba ne ga edita ya yi barci. Arewacin Nijeriya yana da mujallun kimiyya na jami'o'i da suka daɗe suna hidima, kamar Nigerian Journal of Basic and Applied Sciences da Sokoto Journal of Veterinary Sciences na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Bayero Journal of Pure and Applied Sciences ta Jami'ar Bayero, waɗanda ake samu a rumbun African Journals Online da ya fara aiki a 1998. Irin waɗannan mujallu su ne gidan da ya fi dacewa da binciken tsargiya, ko ƙuduji a gonar gero, ko cutar awaki a iyakar Gobir. Domin haka ya kamata kowace mujalla ta gida ta ɗaukar wa kanta abu uku: ta shaida wa marubuci cewa maƙalarsa ta iso, ta bayyana a fili tsawon lokacin da tantancewa kan ɗauka a wurinta, ta kuma riƙa buga ranar karɓa da ranar amincewa a kan kowace maƙala. Mujallar da ta bar mutum shekara guda babu ko amsar wasiƙa, ta sa shi jiran gawon shanu, kuma ita ce ke tura shi hannun 'yan bogi.

Ya kamata editoci su tuna da halin da masu bincike na wannan yanki ke ciki. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, saboda matsalar tsaro. Marubucin da aka ba kwana 30 ya maido da gyara a irin wannan lokaci, ko wanda aka ce ya koma ƙauyen da mutanensa suka watse ya ƙaro samfur, yana da haƙƙin ya nemi ƙarin lokaci ya kuma bayyana uzurinsa. Su ma hukumomin jami'o'i ya kamata su riƙa lissafa aikin tantancewa cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma, domin aikin da ba a yaba wa mai yinsa kullum shi ake bari sai ƙarshe.

Shi kuma marubuci, idan wa'adin da mujalla ta ambata ya wuce, ko maƙala ta yi kamar wata uku a matsayi ɗaya ba motsi, babu laifi ya rubuta wa edita gajeriyar wasiƙa ta ladabi, ya ambaci lambar maƙalarsa da ranar da ya aiko ta. Wasiƙa kowane mako kuwa ba ta ƙara wa mai tantancewa saurin karatu.

Ga malamai da ɗalibai

Ɗalibin sakandare bai kai ga aika maƙala ba tukuna, amma kullum yana jin labarin wanda ya ce ya gano maganin ciwon suga ko na hanta, a rediyo ko a wayar hannu. Tambayoyin da suka kamata ya saba yi su ne: a wace mujalla aka buga, su wa suka tantance, kuma kwana nawa aikin ya yi a hannunsu? Malamai na iya koyar da wannan ɗabi'a ba tare da kashe ko sisi ba. Bayan darasin gwaji, sai malami ya karɓi rahoton kowane ɗalibi, ya rufe sunan, ya ba waɗansu ɗalibai biyu su rubuta abin da ya gamsar da su da abin da bai gamsar ba, shi kuma ya zauna a matsayin edita ya yanke hukunci. Yaron da ya saba karɓar gyara daga tsaransa tun yana aji huɗu a Isa ko Sabon Birni, ranar da ya ga an rubuta masa babban gyara a shafin mujalla, zai ɗauko alƙalami ya fara amsa tambaya ta farko.